Kwana Huɗu Ina Neman Layin I2C a Kan Allon da Na Zana da Hannuna

Allon da zan ba da labarinsa ba wani babban abu ba ne. Na zana shi ne domin sa ido a kan batiran sola na wata rijiyar burtsatse: ya riƙa auna wutar da ke shiga batir da wadda ke fita, ya rubuta lokacin da injin jan ruwa ya tashi da lokacin da ya tsaya, sannan ya adana bayanan har ranar da za a zo a kwashe su. Ƙwaƙwalwarsa farosesa ce ta kamfanin NXP mai suna i.MX6ULL, wadda na saya a ɗore a kan wani ɗan ƙaramin allo da aka riga aka haɗa shi da ma'adanar bayanai, ni kuma na zana babban allon da zai hau, na aika zanen ƙasar Sin aka buga mini guda biyar aka liƙa musu kayansu. Linux ce ke tafiyar da shi. A kan babban allon akwai agogon DS3231, wanda na zaɓa saboda yana daidaita tafiyarsa da kansa gwargwadon zafi, abin da akwatin ƙarfen da zai wuni a rana a watan Afrilu ba zai iya yi ba tare da shi ba. Sai kuma ma'aunin wuta INA226 na kamfanin Texas Instruments, wanda na ɗora a wani ɗan allo dabam kusa da batir, na haɗa shi da babban allon da waya mai tsawon santimita 90. Na bar INA219 da na saba aiki da shi ne domin iyakarsa bolt 26, alhali batir mai bolt 24 yakan wuce 28 idan yana caji, shi kuwa INA226 yana ɗaukar har bolt 36. Agogon da ma'aunin duka ta layin I2C na biyu suke magana da farosesa, wato hanyar wayoyi biyu da ƙananan na'urori ke musayar saƙo a kanta.

Ranar da allunan suka iso na kunna na farko, raina ya yi fari, domin Linux ta tashi ba tare da gardama ba, fitilu suka kama, kebul ɗin intanet ya yi aiki. Sai na buga umarnin i2cdetect -l domin in ga layukan I2C da kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa kayan allo, ya sani, ya nuna mini guda ɗaya tak, wato i2c-0, mai suna 21a0000.i2c, wanda shi ne layi na farko da ke kan ƙaramin allon da na saya. Layin da na ɗora agogona da ma'aunin wutata babu shi, babu alamarsa, a cikin /dev ma babu fayil ɗinsa.

Abin da na yi a daren farko shi ne kuskuren da ya sa nake rubuta wannan bayani. Na ɗauko gilashin ƙara girma da ƙarfen narka dalma, na bi ƙafafun agogon ɗaya bayan ɗaya ina sabunta liƙinsu, na bi hanyoyin tagulla da mitar awon wuta daga bakin farosesa har zuwa ƙarshensu, na cire allo na farko na gwada na biyu, na gwada na uku. Zuciyata ta riga ta yanke cewa tunda allon sabo ne, kuma ni na zana shi, to lalle aibin yana jikin allon. Sa'o'i kusan biyar suka tafi a haka, kuma duk wannan aikin ba zai taɓa canza abin da umarnin ya nuna ba, saboda jerin da i2cdetect -l ke bayarwa ba shi da wata alaƙa da abin da ke kan waya. Da zan ɓamɓare agogon gaba ɗaya in jefar, layin zai bayyana a jerin muddin kanel ya san da shi; da kuma liƙina ya fi na kowa kyau a duniya, ba zai bayyana ba muddin ba a gaya wa kanel ba.

Dalilin haka yana cikin asalin yadda aka gina I2C. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1982 domin haɗa ƙananan aisi, wato guntayen na'urori irin su agogon nan da ma'aunin, a cikin kayan lantarki irin su talabijin, kuma wayoyi biyu kawai yake amfani da su: SCL mai ɗauke da bugun lokaci, da SDA mai ɗauke da saƙo. Ba kamar USB ba, inda na'ura ke gabatar da kanta da zarar an soka ta, a nan babu mai cewa ga ni. Tsarin ya fi kama da kiran suna a aji. Jagora, wato farosesa, yana kiran adireshi mai ɗigo bakwai, kowane ɗigo sifili ne ko ɗaya, ya ƙara ɗigo na takwas da ke nuna ko karatu zai yi ko rubutu, sannan a bugu na tara ya saki layin SDA ya saurara. Idan mai wannan adireshin yana nan, sai ya ja layin ƙasa, wannan ce na'am ɗinsa. Idan babu shi, layin ya zauna a sama, jagora ya wuce. Abu na biyu da ya kamata a riƙe, domin zai dawo a gaba, shi ne cewa a wannan layi babu mai tura wuta sama. Kowa, har da jagoran, ikonsa ɗaya ne, ya ja layin ƙasa ko ya sake shi. Abin da ke mayar da shi sama idan an sake shi resista ce da aka ɗaura tsakanin layin da wutar bolt 3.3, ɗaya a SDA ɗaya a SCL.

Da gari ya waye na zauna na rubuta wa kaina a takarda cewa kalmar "ba a gani ba" tana rufe abubuwa uku da ba su haɗa hanya ba. Akwai shirun da ke nufin kanel bai san da layin ba sam. Akwai shirun da ke nufin kanel ya san da shi, amma abin da yake aikawa ba ya fita ta ƙafafun farosesa yadda ya dace. Akwai kuma shirun da ke nufin kira yana fita amma ba a amsawa. Nawa na farko ne, ni kuma na kwana ina magani a na uku.

A kan farosesoshin ARM, abin da ke gaya wa kanel kayan da ke kan allo shi ne fayil ɗin da ake kira bishiyar na'urori. Ana rubuta shi a matsayin dts, a sarrafa shi ya koma dtb, U-Boot, wato shirin da ke tayar da Linux, ya loda shi ya miƙa wa kanel a lokacin tashi. A cikin fayil ɗin da ke bayanin farosesar kanta, dukan layukan I2C huɗu suna nan an rubuta su, amma kowanne an sa masa status = "disabled", an bar wa mai allo ya kunna wanda yake bukata. Ni na rubuta agogon da ma'aunin a ƙarƙashin i2c2, na ba su adireshinsu, na manta da layin nan guda da ke cewa status = "okay". Na ƙara shi, na sarrafa fayil ɗin, na kwafa shi cikin /boot, na sake kunna allon da tabbacin cewa magana ta ƙare. Jerin ya fito kamar jiya, i2c-0 shi kaɗai.

A nan na ɓata rabin yini ina sauya rubutu a fayil ɗin, ina sake sarrafawa, ina sake kunnawa, ba tare da wani abu ya motsa ba. Rashin motsin ne daga baya ya ba ni tsoro, domin ko kuskure na yi ai ya kamata in ga sabon kuskure. Sai na tuna cewa kanel yana nuna bishiyar da aka miƙa masa a zahiri a cikin /proc/device-tree, na shiga na nemo i2c@21a4000, na karanta status ɗinsa, na tarar har yanzu disabled ne. Ashe duk abin da nake rubutawa bai taɓa isa ga kanel ba. Na tsayar da allon a U-Boot na duba fdt_file da umarnin da ke loda shi, na ga yana ɗauko dtb ne daga wani ƙaramin sashe na FAT a farkon ma'adanar, ni kuwa ina zuba nawa a cikin /boot na babban sashe, inda babu mai waiwayarsa. Tun daga ranar na ɗauki wata al'ada da ban sake bari ba: duk lokacin da na taɓa bishiyar, sai na ƙara kwanan wata da lamba a cikin layin model, bayan tashi in karanta /proc/device-tree/model in tabbatar abin da na rubuta shi ne ke aiki kafin in fassara kowane sakamako. Aikin daƙiƙa goma ne.

Da sabon dtb ya shiga inda ya dace, status ya koma okay, amma layin dai bai bayyana ba. Bambancin shi ne yanzu kanel ya yi ƙoƙari ya kasa, kuma idan ya kasa yakan faɗi dalili. Na buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, na tace da kalmar i2c, sai ga saƙo a fili yana cewa ƙafar MX6UL_PAD_UART5_TX_DATA "already requested by 21f4000.serial", don haka ba za a iya ba 21a4000.i2c ita ba. Farosesa irin wannan tana da ayyuka a cikinta fiye da yawan ƙafafunta, saboda haka kowace ƙafa tana iya ɗaukar aiki ɗaya daga cikin da yawa, kuma mai allo ne ke zaɓa. Ƙafafun da na ja I2C2 daga gare su sunansu na asali na UART5 ne, wata hanyar sadarwa dabam, kuma fayil ɗin misali da na gina nawa a kansa ya riga ya kunna UART5 a wurin, domin allon da aka rubuta shi dominsa haka yake amfani da su. Wanda ya rubuta shi bai yi laifi ba, ni ne na gaji fayil ban karanta shi zuwa ƙarshe ba. Direban UART, wato ɓangaren kanel da ke tafiyar da shi, ya riga ya kama ƙafafun, direban I2C ya zo ya tarar da mai wuri, ya janye. Na kashe uart5 a fayil ɗina, na sake kunnawa, sai ga layi na biyu a jerin.

Wani ɗan abin lura a nan: ya fito ne da sunan i2c-1, ba i2c-2 ba. Littafin NXP yana ƙirga layukan daga 1, Linux tana ƙirgawa daga 0, don haka I2C2 na zane shi ne i2c-1 na umarni. Sunan 21a4000 da ke gefensa shi ne shaidar da ba ta ruɗi.

Na buga i2cdetect -y 1. Umarnin da ya kamata ya kammala cikin ƙiftawar ido sai ya riƙa jan ƙafa, yana tsayawa a kan kowane adireshi kafin ya rubuta alamar babu, kuma dmesg ya nuna direban agogon ya gaza da lambar -110. Waɗannan lambobi sun cancanci a haddace su, domin su ne ke raba shiru na biyu da na uku. Lambar -6 tana nufin an kira adireshi lafiya amma ba a amsa ba. Lambar -11 tana nufin jagora ya ga layin ba ya nuna abin da ya aika, sai ya ɗauka wani jagoran ne ya riga shi, ya ja da baya. Lambar -110 kuwa tana nufin ya jira wani abu ya faru a layin har lokaci ya ƙare. Da -6 na gani, da na koma kan agogon da adireshinsa. Tunda -110 ce, matsalar tana tsakanin jagoran da ƙafafunsa.

Na koma kan rubutun saita ƙafafu. Lokacin da nake rubuta na I2C2, layukan UART na kwafa, na canza sunayen aikin, na bar lambar da ke biye yadda take, wato 0x1b0b1. A fayilolin allunan i.MX6UL da ke cikin kanel, lambar da ake sa wa ƙafafun I2C ita ce 0x4001b8b0, kuma bambancin ba ado ba ne. Ɗigo na 11, wanda ya mayar da b0 ya koma b8, shi ne ke hana ƙafar tura wuta sama, ya bar mata ikon ja ƙasa kawai, kamar yadda ƙa'idar layin ta tanada. Idan babu shi, akwai lokacin da farosesa za ta riƙa turawa sama alhali agogo yana ja ƙasa, su biyun suna kokawa a kan waya ɗaya. Ɗigo na 30, wato 4 ɗin da ke farkon lambar, shi ne Linux ke amfani da shi wajen kunna abin da NXP ke kira SION, wanda ke buɗe hanyar shigowa ta ƙafar ko da an saita ta tana fitarwa. Jagoran I2C dole ne ya riƙa jin layinsa, har da SCL da shi kansa yake bugawa, domin ta haka yake sanin ko layin a sake yake, ko wani ya riƙe shi. Ni na toshe masa kunne na ce ya yi magana. Na gyara lambar a ƙafafun biyu.

Daga nan ne aka shiga ɓangaren da ya fi cin raina, domin sakamakon ya daina zama iri ɗaya. Idan na zare wayar da ke zuwa ɗan allon INA226, agogon yakan amsa a 0x68, ba kowane lokaci ba amma sau da yawa. Da zarar na mayar da wayar, sai kowa ya yi tsit, agogon ma da ke zaune lafiya a kan babban allo ya ɓace. Hankali ya ba ni cewa ɗan allon ne ke da cuta. Na duba ko na juya SDA da SCL a mahaɗar, ban juya ba. Na duba ƙafafun A0 da A1, suna ƙasa kamar yadda ake bukata domin adireshin 0x40. Na cire INA226 na liƙa sabo. Na kuma auna layukan biyu da mita suna zaune ba aiki, kowanne ya nuna bolt 3.3 cif, abin da na ɗauka a matsayin hujjar cewa resistocin jan layi sama suna nan suna aikinsu. A kan wannan hujja na rufe wannan babi, na ci gaba da neman aibi a wani wuri har kwana na uku ya ƙare.

A rana ta huɗu na kira wani dattijon injiniya da na fara koyon aiki a hannunsa, na zayyana masa komai. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ka ga layin da idonka?"

Na ce, "Malam, na auna da mita, bolt 3.3 ne a duka biyun."

Ya ce, "Mita inda layin ya je ya tsaya take gaya maka. Ba ta gaya maka tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya isa can. Ɗauko allon ka zo."

Yana da osiloskof mai hanya biyu a shagonsa, wato na'urar da ke zana tashi da faɗuwar wuta a fuskarta. Ya maƙala ɗaya a SCL ɗaya a SDA, ya ce in sake buga umarnin. Abin da ya kamata ya fito a fuskar na'urar shi ne bugu masu kusurwa, su faɗi tsaye su tashi kusan tsaye. Abin da muka gani ya fi kama da haƙoran zarto: layin yana faɗuwa nan take, domin jan ƙasa aikin transisto ne mai ƙarfi, amma tashinsa sai ya lanƙwasa yana hawa a hankali kamar mai ɗauke da kaya a tudu. Malam ya ɗora ma'aunin lokaci a kan hawan, daga kashi 30 zuwa kashi 70 cikin ɗari na wutar kamar yadda ƙa'idar ke aunawa, ya fito wajen nanosakan 12,000 idan waya tana haɗe. Ƙa'idar I2C, wadda NXP ke riƙe da ita yanzu a takardar UM10204, ta ce a gudun kilohaz 100 kada hawan ya wuce nanosakan 1,000, a gudun 400 kuwa kada ya wuce 300. Bugu guda cikakke a kilohaz 100 nanosakan 10,000 ne. Wato layina yana bukatar fiye da tsawon bugu ɗaya kafin ya miƙe.

Bai ce komai ba, ya juya allon ya nuna mini da bakin hantsaki wurare biyu kusa da mahaɗar farosesa, R21 da R22, inda resistocin jan layi sama ya kamata su zauna. Filaye ne na dalma masu sheƙi, babu komai a kansu. Na sha kallon wurin a daren farko da gilashi a hannuna, idona yana neman liƙin da bai kama ba, bai nemi abin da babu shi ba.

Da na koma gida na buɗe jerin kayan da na aika wa masana'anta, na ga yadda abin ya faru. Layin I2C1 yana da resistocinsa a kan ƙaramin allon da na saya, saboda haka na sa wa nawa na babban allo alamar kada a liƙa. Da na zo zana I2C2 sai na kwafi wannan ɓangaren zanen gaba ɗaya, alamar ta biyo shi. Masana'anta abin da na rubuta suka yi, ba ƙari ba ragi. Bolt 3.3 da mita ta nuna mini kuwa daga cikin farosesar yake fitowa, domin ita lambar 0x4001b8b0 tana kunna wata resista ta cikin ƙafar mai om 100,000. Wannan ta isa ta ɗaga layin da ke zaune ba aiki har mita ta gamsu, amma ba ta isa ta ɗaga shi da sauri ba. Kowace waya da kowace ƙafar aisi tana riƙe ɗan caji, kuma sai an cika wannan cajin ta cikin resista kafin layin ya hau. Lissafin lokacin hawan shi ne 0.8473 sau ƙimar resista sau yawan abin da layin ke riƙewa. Idan aka juya lissafin da nanosakan 12,000 da om 100,000, za a samu wajen fikofarad 140, wanda yake ƙasa sosai da iyakar 400 da ƙa'ida ta yarda da ita. Wayar ba ta yi laifi ba, INA226 ma haka. Abin da wayar ta yi kawai shi ne ta ƙara nauyi a kan layin da dama da ƙyar yake tashi, shi ya sa zare ta ke sa agogo ya amsa, ni kuma na ɗora mata zargi.

Zaɓen resistar da za a sa yana da iyaka ta sama da ta ƙasa. Ta ƙasa tana fitowa ne daga cewa ƙa'ida ta ɗora wa kowane aisi ya iya jan miliamfiya 3 yana riƙe layin a bolt 0.4 ko ƙasa da haka, wanda a wutar 3.3 yake ba da wajen om 970. Idan aka yi ƙasa da wannan, aisi zai kasa jan layin ƙasa sosai. Ta sama kuwa lokacin hawa ne ke yanke ta. Da om 4,700 da mutane suka saba sawa, hawan zai kai kusan nanosakan 560 a layina, wanda ya wadatar a gudun 100. Na zaɓi om 2,200, wanda ya kawo shi wajen 260, domin allon zai zauna kusa da inbata da injin jan ruwa, kuma layin da aka riƙe da ƙarfi ya fi jure hayaniyar lantarki. Duk da cewa wannan ya shiga cikin iyakar gudun 400, na bar clock-frequency a 100000, tunda karanta agogo da ma'auni sau ɗaya a daƙiƙa ba ya bukatar gaggawa, kuma ban ga dalilin zama a bakin iyaka ba. Na liƙa biyun da hannu. Jadawalin i2cdetect ya fito nan take: 40 a wurinsa, UU a 0x68, alamar cewa direban kanel ya riga ya karɓi agogon.

Amsa kira bai isa ya gamsar da ni cewa saƙo yana tafiya daidai ba, don haka na karanta rajistar 0xfe ta INA226, wadda ke ɗauke da lambar kamfani, da umarnin i2cget -y 1 0x40 0xfe w. Ya dawo da 0x4954. Takardar bayanin aisin ta ce 0x5449 ne, wato haruffan T da I, amma i2cget yana ɗaukar rabin da ya fara isowa a matsayin ƙarami, shi kuwa aisin babban yake fara aikawa, shi ya sa suka fito a juye. Wanda bai san wannan ba zai iya komawa neman cutar da babu ita. Haka ma idan aka ga an rubuta D0h da D1h game da DS3231, adireshin ne haɗe da ɗigon karatu ko rubutu. Abin da Linux ke so shi ne 0x68.

Bayan kamar mako ɗaya wani shirun ya sake zuwa, kuma na ji daɗin cewa a kan teburina ya same ni, ba a bakin rijiya ba. Ina gwada yadda allon zai jure ɗaukewar wuta, na sa shi yana karanta agogo ba tsayawa, ina zare wuta ina mayarwa. A wani zagaye ya tashi babu agogo babu ma'auni, -110 ta dawo. Wannan karon ban taɓa ƙarfen dalma ba. Layin yana cikin jeri, ƙafafu suna hannun direban da ya dace, don haka na auna, na tarar SCL yana sama, SDA yana kwance a ƙasa. Na kashe wuta na jira na kunna, bai tashi ba. Sai da na zare ɗan batirin CR2032 na agogon na mayar, sannan komai ya dawo.

Abin da ya faru shi ne wutar ta yanke a daidai lokacin da agogon ke tsakiyar aika ɗigon sifili, yana riƙe da SDA a ƙasa yana jiran bugu na gaba. Farosesa ta mutu ta farfaɗo ta manta da zancen, shi kuwa agogon batirinsa ya raya shi, yana nan inda aka bar shi yana jira. Jagora ba zai iya fara sabon kira ba sai SDA yana sama, saboda haka aka yi cirko-cirko. Takardar DS3231 ta yi maganar wannan hali, kuma ƙa'idar I2C ta ba da maganinsa: jagora ya buga SCL har sau tara, wanda ya isa mai riƙe da layin ya ƙarasa abin da ke bakinsa ya saki. Direban I2C na i.MX ya iya wannan da kansa, amma sai an ba shi hanya, domin yana bukatar ya karɓe ƙafafun na ɗan lokaci ya sarrafa su da hannu. Na ƙara saiti na biyu mai suna gpio a pinctrl-names, na nuna masa scl-gpios a GPIO1_IO30 da sda-gpios a GPIO1_IO31, waɗanda su ne ƙafafun nan biyu a ɗaya aikin nasu. Na ci gaba da zare wuta har halin ya sake faruwa, na ga allon ya warware kansa ba tare da na taɓa batirin ba. A ganina duk allon da zai yi aiki inda wuta ke yankewa ba sanarwa, kuma yana da aisin da ke rayuwa da batirinsa a kan layin, bai kamata ya fita daga shago ba tare da wannan saiti ba.

Allo na farko yana cikin akwatinsa a bakin rijiyar yanzu, da resistoci biyu da aka liƙa da hannu, ɗaya ta ɗan karkace. Zane na biyu yana buɗe a kwamfutata. Na cire alamar kada a liƙa daga R21 da R22, na sa ƙananan filayen gwaji guda uku a SDA da SCL da layin ƙasa, masu faɗin da bakin osiloskof zai kama ba tare da ya zame ba, na kuma sake jera wayar da ke zuwa ɗan allon yadda layin ƙasa zai shiga tsakanin SDA da SCL. Sauran alluna huɗun na gyara su a zama ɗaya da yamma, na buga i2cget a kan kowanne, kowanne ya dawo mini da 0x4954.